Kada a sayar da filin Baba don sayen konkur

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne a Garwa, arewacin Kamaru, shekarata 31. Na yi lisans, wato digirin farko, na shari'a a jami'ar Ngaundere, tun daga nan nake tsaron shagon yayana na kayan masarufi a babbar kasuwa. Sau biyu ina zama konkur, wato jarrabawar gasa, ta shiga ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai, ko sau ɗaya sunana bai fito cikin waɗanda suka tsallake rubutu ba. Gani nake bana ce damata ta ƙarshe saboda shekaru. Akwai wani mutum da ke zuwa wurin mahaifina, ya ce yana da hanya a Yawunde, in aka ba shi sefa miliyan 2 sunana zai fito. Baba ya yarda, har ya fara maganar sayar da filinsa na bayan gari. Wani abokina kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in sake takardar haihuwa a rage mini shekaru. Raina bai kwanta da ko ɗaya ba, amma ina jin nauyin musa wa Baba, kuma na gaji da ganin sa'o'ina da matirikil, lambar ma'aikacin gwamnati, ni ina auna sukari. Yaya zan yi?

Ɗanka a Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada a sayar da filin nan. Da shi na fara domin shi kaɗai ne a cikin wasiƙarka in ya faru ba ya gyaruwa.

Bari in gaya maka yadda irin wannan mutum yake cin abinci. Ba gidanku kaɗai yake zuwa ba. Zai karɓi kuɗi a hannun iyaye goma ko ashirin, a Garwa, a Gider, a Marwa, kowanne ya ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. Daga nan ya koma gida ya miƙe ƙafa, bai ga kowa a Yawunde ba. Ranar da sakamako ya fito, cikin yaran nan ba a rasa ɗaya ko biyu da suka ci da guminsu. Nan zai bugi ƙirji ya ce aikinsa ne, labari ya bazu a unguwa, baɗi masu kawo kuɗi su ƙaru. Sauran kuwa sai ya ce musu wani babba ne ya shigo da nasa sunayen a daren ƙarshe, a yi haƙuri, kuɗin na nan a ajiye sai baɗi. Wanda ya matsa a mayar masa da rabi. Babu rasit, babu shaida, babu kuma inda Baba zai kai ƙara, domin in ya tsaya gaban alƙali da bakinsa zai fara amsa laifin ba da cin hanci kafin a zo kan maganar wanda ya cuce shi.

Ba zan ce maka kowane konkur a ƙasar nan tsarkakakke ne ba. Da babu matsala, da ba a kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC a 2006 ba, da kuma kundin hukunta laifuffuka na 2016 bai ware wa cin hanci a jarrabawar ɗaukar ma'aikata sashe na kansa ba. To mu ɗauka ma mutumin gaskiya yake faɗa, yana da hanyar. Kujerar wa za a ba ka? Tun 1982 ake raba guraben konkur bisa jihar da iyayen mutum suka fito, kuma jadawalin da aka sani ya ba jihar Arewa kashi 7 cikin 100, Arewa Mai Nisa kashi 18, Adamawa kashi 5. Ke nan wanda za a goge sunansa a sa naka ɗan jiharku ne, wataƙila ɗan manomin auduga daga Mayo Rey wanda ya yi karatunsa da fitilar hannu, babansa kuma ba shi da filin sayarwa. Albashin da za ka ci shekara talatin a kan haƙƙinsa zai zauna, da shi za ka ciyar da iyali, da shi za ka je Makka. Ka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Rashin kwanciyar ran da kake ji alheri ne, ka riƙe shi.

Akwai kuma lissafin da nake zaton Baba ya yi a ransa, cewa da ka fara aiki za ka saya masa wani filin. Wanda ya ci ENAM sai ya yi shekara biyu a makaranta, sannan a shiga jiran a tura shi wurin aiki da jiran takardu su bi ofis-ofis. Ka tuna yajin aikin malaman makaranta da aka yi wa laƙabi da OTS a farkon 2022: cikin manyan kukansu har da na mutanen da suka yi shekaru suna koyarwa ba matirikil ko ba cikakken albashi. Kuɗin fili a Garwa ba ya jiran kowa. Kuma filin nan ba naka ne kai kaɗai ba, ƙannenka mata da maza suna da rabo a cikinsa ranar da Allah ya yi ikonsa.

Yadda za ka tunkari Baba yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ka ce masa an yaudare shi, dattijo ba ya son jin wannan daga bakin ɗansa, kuma ƙauna ce ta kai shi ga wannan shawara. Ka fara zuwa wurin baffanka ko limamin masallacinku, wanda Baba ke jin maganarsa, ka bayyana masa komai. Sannan ku je tare bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru. Ka durƙusa ka gode masa, ka ce ba ka son ka shiga aikin gwamnati da abin da zai hana addu'arsa karɓuwa a kanka. Ka roƙe shi abin da ya fi wannan sauƙi: kuɗin tambur ɗin gwamnati da ake liƙa wa takardu, da na takardun kansu, kuɗin mota, da ɗan abin da za ka riƙa ba malamin da zai duba maka rubutu. Duk wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da mutumin can ya nema ba. Uba yana son ya ji da hannunsa a cikin nasarar ɗansa, ka bar masa wannan ƙofar a buɗe.

Maganar abokinka ba ta da tsawo. Ranar haihuwarka tana kan takardar firamare, tana kan BEPC ta ƙaramar sakandare, tana kan bak ta kammala sakandare, tana kan lisans, tana cikin rajistar jami'a. Ma'aikatar kula da ma'aikata, MINFOPRA, tana aika takardun waɗanda suka ci wurin hukumomin da suka bayar da su don a tantance. Sai dai ka sake dukkansu, kowace ɗaya kuma laifi ce mai zaman kanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, akwai waɗanda aka kora bayan sun yi shekaru a ofis.

Kuma ƙofar ba ta kusa rufuwa kamar yadda kake tsoro ba. Gaskiya ne ENAM takan tsaya a shekara 32, ana kuma lissafawa ne daga 1 ga Janairu na shekarar konkur ɗin, saboda haka ka duba ranar haihuwarka da kyau. Amma ENAM ba ita ce kaɗai hanyar matirikil ba. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 7 ga Oktoba 1994 ta sa iyakar shiga aiki a shekara 35 ga manyan rukunan ma'aikata, A da B, 30 ga ƙananan, C da D, kuma MINFOPRA tana buɗe konkur na ɗaukar aiki kai tsaye a fannoni daban-daban. Kowane konkur yana da sanarwar minista, arete, wadda ke faɗin shekarun da aka yarda, takardun da ake so, darussan da za a tambaya, nauyin makin kowane darasi, da makin da in ka gaza shi an fitar da kai ko da ka yi fice a sauran. Ka karanta ta da idonka a ofishin ma'aikatar na jiha a nan Garwa ko a shafinta na intanet, kada ka dogara da abin da ake turawa a WhatsApp. Kada kuma girman lisans ya hana ka duba rukunin B. Wanda ya shiga ciki yana da konkur na cikin gida da zai hau da shi bayan wasu shekaru.

Dosiye, wato tarin takardun neman shiga, tana kayar da mutane tun kafin su ga takardar tambaya. Kaziye, wato shaidar cewa kotu ba ta taɓa ɗaure ka ba, a kotun garin da aka haife ka ake karɓa, kuma wata uku take yi ta mutu, don haka kada ka yi gaggawar karɓa tun ba a buɗe konkur ba, kada kuma ka bari sai makon ƙarshe. Shaidar lafiya ta likitan gwamnati ake so. Shaidar nuna ainihin takardar digiri gwamna ko jami'an mulki da ke ƙarƙashinsa, furefe ko sufurefe, ke sa mata hannu, su kuma ba kullum suke ofis ba. Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne rubutun suna. Mohamadou a takardar haihuwa, Mouhamadou a bak, Mohammadou a katin ɗan ƙasa. Yau ɗin nan ka baje takardunka a tabarma ka bi su harafi-harafi. In ka ga saɓani, ka je ofishin sufurefe ka tambayi yadda ake yin takardar da ke shaida mutum ɗaya ne. Ka kuma tabbata katinka na ɗan ƙasa bai mutu ba.

Yanzu mu zo kan abin da na fi so ka tsaya a kai. Ka ce sau biyu ba ka tsallake rubutu ba, amma ba ka gaya mini abin da ka sauya tsakanin zama na farko da na biyu ba. Ina kyautata zaton littattafan jami'a ka sake buɗewa, ka haddace, ka shiga. Yawancin yaranmu haka suke yi, kuma a nan ake barinsu. Konkur ba ya tambayar ko ka san darasi, domin duk wanda ke zauren yana da lisans irin naka. Abin da ake aunawa shi ne ko za ka iya ɗaukar tambayar da ba ka taɓa gani ba, ka warware ta, ka tsara amsa mai kai da ƙafa, ka rubuta ta da Faransanci mai tsabta cikin awa huɗu. Wannan aikin hannu ne. Ba a taɓa yin telan da ya ƙware da kallon hotunan riguna ba, sai ya ɓata yadi.

Saboda haka daga wannan makon, kowace Asabar ka zauna ka rubuta cikakkiyar amsa guda, da biro, a kan takarda, agogo a gabanka, waya a wani ɗaki. Tsofaffin tambayoyin konkur suna nan a wurin masu hoton takardu, ka san su tun kana jami'a a Dang. Sannan ka nemi malamin lise, wato babbar sakandare, na Faransanci ko na falsafa, ko wani da ya fito daga ENAM yana aiki a nan Garwa, ka roƙe shi ya duba maka da jan biro ba sani ba sabo. In ya ba ka 7 cikin 20 ka gode masa, ka tambaye shi ina sauran 13 suka tafi, ka sake rubuta wannan amsar kafin ka taɓa wata. Sake rubutun nan ne yake koyarwa. Cibiyoyin share fagen konkur ma da wannan za ka auna su: wadda take duba rubutun kowane ɗalibi ta mayar masa da gyara, ta cancanci kuɗinta. Wadda aikinta karanto darasi ne kawai, ko aka fara raɗa maka cewa mai ita ya san manya, ka fita.

Bari in nuna maka abin da nake nufi. A ce an tambaye ka ko miƙa iko ga ƙananan hukumomi zai iya kawo ci gaba. Mai haddar darasi zai juye duk abin da ya sani, shafi takwas, ba a san inda ya dosa ba. Kai ka ba awa ta farko ga takardar gwaji. Ka fayyace kalmomin tambayar, ka nemo inda gardamar take: an miƙa iko a rubuce, to an miƙa kuɗi da ma'aikata? Daga nan amsarka ta rabu biyu, abin da aka samu da abin da ya hana ruwa gudu, kowane ɓangare da rassansa biyu, yadda aka koya muku a tsangayar shari'a. Sannan ka sa nama a jikin ƙashin: kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 da ya kawo maganar, dokar 24 ga Disamba 2019 da ta ce kason da za a ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, zaɓen majalisun jihohi na farko a ranar 6 ga Disamba 2020, da asusun FEICOM da ke ba ƙananan hukumomi kuɗin ayyuka. Ka ƙara da abin da idonka ya gani, kamar ambaliyar Binuwai ta 2012 da yadda magajin gari yake rasa abin yi in ruwa ya ci unguwa alhali kuɗin na Yawunde. Mai duba takarda ya karanta ɗaruruwa kafin ya zo kan taka, ya gaji. Shafin farko mai tsabta, wanda ya gaya masa inda za a je, shi ne yake sa ya gyara zama. Ka bar minti goma sha biyar na ƙarshe don bin kurakuran nahawu, domin suna cin maki fiye da yadda kake zato.

Faransancin kansa yana son kulawa. Kai da ke wuni a kasuwa, da Fulatanci da Hausa kake ciniki daga safe har magariba, ba laifi ba ne, amma harshen da ba a rubutu da shi yakan yi tsatsa. Ka riƙa karanta Cameroon Tribune ko da na jiya ne, ka ɗauki labari guda ka taƙaita shi a layi goma da kalmominka. Ɗakin karatu na Alliyans Faransez yana nan cikin gari. Ka buɗe littafi guda na musamman don tara sunaye da ranaku da alƙaluma, kana bitarsa lokacin da shago ya yi shiru. Wanda ke neman aikin gwamnati bai kamata ya yi tuntuɓe a kan ranar samun 'yancin kai, 1 ga Janairu 1960, da ranar haɗewa da yankin masu Ingilishi, 1 ga Oktoba 1961, da ranar soke tarayya, 20 ga Mayu 1972 ba, ko a kan hukuncin kotun duniya game da Bakasi a 2002, ko shirin raya ƙasa na SND30, ko ƙasashe shida na ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, CEMAC, da babban bankinsu BEAC. Abin da ke ƙofar gidanka ma ilimi ne: madatsar Lagdo, kamfanin auduga na Sodecoton da manomansa, hukumar tafkin Cadi da aka kafa a 1964 mai hedkwata a Njamena, rikicin Boko Haram a kan iyaka. Ɗan kudu a littafi ya karanta su, kai a cikinsu ka tashi.

Kada ka raina Ingilishi. Mutanenmu da yawa sukan bar shi sai daren jarrabawa don nauyin makinsa bai kai na sauran ba, alhali a konkur rabin maki yana raba mai ci da mai faɗuwa. Jaridar da na ambata da harsuna biyu take fitowa, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, CRTV, ma yana karanta labarai da Ingilishi kullum. Rabin awa a rana ya isa, in dai ba ka tsallake rana.

Lokaci kuwa, a wurin yayanka za ka nema. Ka zauna da shi ka ce kana son safiyar Asabar gaba ɗaya, da kuma izinin buɗe shago a makare kaɗan, har zuwa ranar jarrabawa. Tsakanin sallar asuba da hantsi nan ne karatun Garwa yake, kafin rana ta buɗe, balle a watan Maris da Afrilu da ko zama a ɗaki gagara yake yi. Ka samu abokai biyu masu neman abin da kake nema, ku riƙa musayar takardu kuna yi wa juna tambayoyi. In kuka wuce uku zai koma majalisar shayi.

Na ji zafin maganarka ta auna sukari, kuma ban raina shi ba. Amma kada ka saki shagon. A 2011, da gwamnati ta buɗe ɗaukar matasa 25,000, wajen mutum 300,000 suka kai takardu. Faɗuwa sau biyu a irin wannan turmutsitsi ba shaida ba ce cewa an sace maka kujera, ba kuma shaida ba ce cewa ba ka da ƙwaƙwalwa. Yana yiwuwa ka yi duk abin da na faɗa bana kuma sunanka ya ƙi fitowa. In haka ta faru, rubutun da ka koya yana nan don konkur na gaba, da ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar ma'aikata a Arewa, da ofisoshin lauyoyi, shagon kuma shi ne ya riƙe ka duk shekarun nan ba ka roƙi kowa ba. Ka fara magana da yayanka a kan ya ware maka wani kaso naka na kanka a cikinsa.

In arete ta nuna a Yawunde za a zauna, ka tashi da kwana biyu ko uku a hannu. Hanyar Ngaundere da jirgin dare ba su da tabbas, kuma ba a shiga jarrabawar awa huɗu da gajiyar tafiya. Ba za ka rasa masauki wurin 'yan'uwa a unguwar Birketiri ba. Ka je ka ga zauren da lambar kujerarka tun ana gobe, ka ajiye katin ɗan ƙasa da rasit ɗin dosiye a aljihun rigar da za ka sa.

Jarrabawar baka kuma kada ka jira sai sunanka ya fito kafin ka fara shirinta, tazarar ba ta da yawa. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai da rage murya a gaban manya, a can kuwa hakan yakan zama kamar rashin sani. Ka sa abokan nan biyu su zauna a matsayin masu tambaya, ka tsaya a gabansu ka yi bayanin minti goma da Faransanci, kana duban fuskarsu, su katse ka, su ja ka da gardama, su jefo maka tambaya da Ingilishi. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba cikin ladabi, ka faɗi wanda ka sani kusa da shi. Ka kuma tanadi amsa ta gaskiya ga tambayar me ya sa kake son wannan aiki, domin da wuya a ƙi yi maka ita.

In ka rubuta amsarka ta farko malamin ya duba, ka rubuto mini makin da ya ba ka da irin gyaran da ya yi, mu ga ta inda za a fara. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Kawu